Kafin Diga Ta Taɓa Katanga

Maganar nan tsakaninmu ce, don haka ku matso da tabarma, kada yaran can masu jiran shayi su kwashe ta su kai cikin gari. Yawancinmu da ke rushe ɗakunan ƙasa a gidajenmu, kunya ce take sa mu. Kowa ya san haka, ba mai faɗa ne kawai. Da an shiga kaka, an kai masara da waken suya Dawanau, 'yan kuɗi sun shigo aljihu, sai ka bi hanya daga Karaye zuwa Rogo, ka leƙa Yammedi ko Zarewa, ka ga an jibge yashi da bulo a ƙofar gidaje. Tambayi mai gidan abin da ya faru, zai ce maka katanga ce ta tsage. Bari ya sha shayi ya saki jiki, sai gaskiya ta fito: yaro zai yi aure, dangin amarya za su zo jere daga birni, ba ya so su koma suna cewa gidan ƙasa aka kai 'yarsu.

"Kai dai ka kama sunana kawai ka huta," in ji Alhaji.

Muka yi dariya, don duk mun ga tifar yashin da aka sauke masa. Shirinsa shi ne ya ture katangar da ta raba ɗakin marigayi mahaifinsa da shigifa, ya haɗe su su zama falo guda, sannan ya bi katangar gabas da bulo tun daga zaure har bayan gida.

Baba yana gefe yana jan carbi. Shi tsohon magini ne, tun yana yaro yake mulmula tubali a bayan ubansa, kuma ba ya shiga magana sai an taɓo sana'arsa. Ya ce, "Alhaji, katangar tsakiyar nan da kake son turewa, ka ɗaga kai ka ga abin da ke kanta?"

"Rufi mana, Baba."

"To rufin a kan wa zai kwana in ka janye ta?"

Nan Baba ya buɗe mana karatu, ni kuwa na kasa kunne, domin irin wannan bayani ba a samunsa a wurin 'yan kwangila. Ya ce ɗakin soro na dā ba don ƙuntata wa mutane aka yi shi ƙarami ba. Azara ce take yanke hukunci. Itacen giginya ne ake tsagawa, an fi son namijin don ya fi tauri kuma gara ba ta cika samun sa'arsa ba, amma in an ɗora masa ƙasa ba ya iya tsallake fiye da mita 2 ko kusa da haka shi kaɗai. In ana son ɗaki ya fi haka faɗi, sai a yi dabara: a fito da gajerun azaru daga cikin bango hawa-hawa su tarbi dogayen, ko a kafa ginshiƙi, ko a ɗaura bakan gizo a yi tulluwa. Saboda haka duk katangar da ka gani a tsakiyar tsohon gini, ka ɗauka tana da aiki har sai ka tabbatar ba ta da shi. A kanta akwai azara, a kan azara akwai zana ko ƙirare, a kansu akwai ƙasa mai kauri da aka yi ta ƙara wa yaɓe shekara da shekaru.

Malam, da yake lissafi yake koyarwa a sakandare, ya ɗauki tsinke ya zana a ƙasa. Ya ce a ɗauki katanga mai tsawon mita 4, tsayin mita 3, kaurin rabin mita. Nauyinta ya kai tan 10 ko kusa, wato kamar buhun siminti 200. "Wannan fa katanga ɗaya ce," in ji shi, "ba a sa rufi ba."

Alhaji ya ajiye kofi.

Abin da ya fi ɗaga mini hankali a harkar nan shi ne yadda ake ba da aikin. Mai gida zai kira samari majiya ƙarfi ya yi jinga da su: ku saukar mini da wannan, ga kuɗinku. Wanda aka yi jinga da shi kuwa sauri yake yi ya tafi wani aikin. Hanya mafi sauri ita ce a sa diga a gindin katanga a rarake ta, sannan a taru a tura. Ita ce kuma hanyar da take kashe mutane. Katangar tubali ba ta da rodi a ciki da zai riƙe ta ta yi gargaɗi. Gindinta ya fi samanta kauri, da gangan aka gina ta haka, ƙarfinta duka yana ƙasa. Ka cinye gindin, ba ta tambayar ka ɓangaren da kake so ta faɗa. Sau da yawa kan mai digar take komawa, ko ta kife cikin lungu inda yara suka taru kallo.

Baba ya ce yadda suka gada, daga sama ake farawa, yadda aka ƙare ginin nan ake soma kwance shi. A fitar da kaya, a cire wayar lantarki in akwai, a tokare duk abin da ake son ya tsaya. A hau a kwashe ƙasar rufi, a zare azara ɗaya bayan ɗaya a jingine. Sannan a bi katanga sahu-sahu ana saukewa, mutum yana tsaye a kan abin takawa ba a kan katangar kanta ba. A riƙa yayyafa ruwa saboda ƙura, musamman in akwai tsoho ko mai asma a gidan. Kuma a sa ido, don ramukan tsohon bango masaukin kunama ne, wani lokaci har da maciji. Ya ƙara da cewa a biya leburori kuɗin yini, kada a yi jinga, ko da zai fi tsada. Lokacin aikin kuma rani ne. Wanda ya buɗe rufin ɗakin ƙasa ana saura kwanaki ruwa ya sauka, ya gayyato wa sauran katangun abin da ba za su iya ɗauka ba.

Akwai birkila a cikinmu, mutumin Rogo ne, saurayi mai hannu, shi Alhaji ya ba aikin. Ya daɗe yana haƙuri. Ya ce, "Baba, ku yi mini afuwa, amma ku tsofaffi kullum yabon ƙasa kuke. Ni nake zuwa in an kira ni cikin Agusta. In marka ta kwana uku tana zuba, wa yake barci a ɗakin ƙasa? Kunne yana kan bango, ido yana kan rufi."

Gaskiya ya faɗa, kuma ban ga amfanin mu yi kamar ba mu sani ba. Yankin nan namu ya fi arewacin Kano samun ruwa, kuma kowace damina sai an ji inda gini ya faɗa wa mutane. Ginin ƙasa yana son hidima. Kowace shekara kafin ruwa sai an hau an duba rufi, an toshe tsaga, an gyara indararo, an yi yaɓe. Dā akwai hannuwa a gida, yanzu samarin suna Kano ko Abuja ko Legas. Kududdufan da ake haƙar ƙasa an cike da yawansu an yanka filaye. Maginan da suka iya ɗaurin guga sun tsufa, 'ya'yansu sun koma bulo ko acaɓa. Ku tambayi matanmu kuma, su da suke share ɓurɓushin bango safe da yamma, suke ɗage gado in rufi ya fara ɗiga. Ra'ayinsu a kan tubali ba irin namu na majalisa ba ne. Ko masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830 zamanin Sarki Abdulkarimu, wani sashensa ya rufta a watan Agustan 2023 ana sallar la'asar, aka rasa rayuka. In aikin Babban Gwani zai iya haka, ba wanda zai ce tsufan katangar gidansu shi ne shaidar lafiyarta.

Baba bai musa ba. Ya ce, "Yaro, katangar da ta mutu a sauke ta, ni ma zan kama muku. Amma ka san wa ya kashe rabinsu? Ku ne, da simintinku."

Wannan ce maganar da nake so ku riƙe, don kusan kowane gida a cikinmu an yi ta. Mutum ba shi da kuɗin rushewa, ba ya kuma son a ga jar ƙasa, sai ya sa a yi wa katangar filasta da siminti a shafa fenti. Daga waje sai ka rantse bulo ne. To ita ƙasa tana shan danshi tana kuma fitar da shi, da haka take rayuwa. Siminti ba ya tafiya tare da ita: zafi da sanyi su sa ya yi 'yan tsage-tsage, ruwa ya shiga ta nan, ya rasa hanyar fita. Daga ƙasa ma danshi yana hawowa, balle in an malale tsakar gida da lungu da kankare har jikin bango, ruwan da dā ƙasa take shanyewa ya koma neman gindin katanga. Sai ta riƙa ruɓewa a ɓoye, gara tana aikinta ba mai gani. Ka ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, in ka ji amo kamar na ganga, filastar ta riga ta rabu da bangon. Wata rana sai ta zube gaba ɗaya, a ce ai ginin ƙasa ba shi da amana.

Mutanen dā da makuba suke yaɓe, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. Masu hali kuma su yi laso, da katsin da ake kwasowa daga marina, a haɗa da gashin majema da dafara. Waɗannan suna kore ruwa ba tare da sun toshe bangon ba. Da marinai suka ja baya, katsi ya yi wuya, aka koma buhun siminti. Amma ko yau, in ka sa wa tsohuwar katanga rufin kwano mai leɓe da ya fito sosai, ka yi mata dakali mai gangara a gindi, ka tsawaita indararo ruwa ya faɗi nesa da ita, ka ba ta shekaru masu yawa.

Malam ya juya ga Alhaji. "Katangar gabas ɗin nan, taka ce kai kaɗai?"

"Ta gidanmu ce mana."

"Ɗakin girkin maƙwabcinka fa, azararsa a ina take?"

Shiru. To a nan ne ake ɓata zumuncin shekara hamsin a yini ɗaya. Tsofaffin unguwanninmu katanga ɗaya ce take raba gida biyu, kuma waɗanda suka san wanda ya gina ta duk suna makwanci. Kowa ya ji hadisin da ya hana mutum hana maƙwabcinsa kafa itace a bangonsa, kuma iyayenmu sun yi aiki da shi ba tare da takarda ba. Rigimar bango tsohuwa ce ƙwarai. A Tunis, a ƙarni na 14, an yi wani magini ana ce masa Ibnur Rami wanda alƙalai suke aikawa ya duba irin wannan jayayya, har ya rubuta littafi a kan hukunce-hukuncen gini bisa mazhabar Malikiyya. Cikin abin da ake dubawa akwai yadda bangon ya sarƙu da ginin wane a kusurwa, da kuma itacen wane ne a kansa. Baba bai taɓa jin sunan mutumin ba, amma da Malam ya gama bayani sai ya ce ai su ma haka suke yi in mai unguwa ya kira su.

Ga kuma inda abin ya fi daɗi, ko in ce ya fi ɗaci. Tsohuwar katanga gindinta ya kai rabin mita, wata ta fi. Bulo inci tara ne, ko shida in ana tsimi. Ka sauke waccan ka kafa wannan, an sami rarar wuri da ya haura taƙi guda a tsawon gida. Na wa ne? Mai gini zai so ya manna bulonsa can gefen maƙwabci ya ci rarar. Maƙwabci zai ce a tsakiya iyaka take. Na ga dattawa masu jikoki sun daina gaisawa a masallaci a kan abin da tabarmar sallah ba za ta shimfiɗu a kai ba. Maganinsa ba wuya: kafin a taɓa komai, a kira maƙwabci da mai unguwa da shaidu, a buga turaku, a ja igiya, a rubuta kowa ya sa hannu. A kuma yi maganar wanda zai gyara ɗakin girkin, da zanar da za a kafa a ranar, domin da katanga ta sauka gida biyu ne suka zama a buɗe, mata ba su da sutura, awaki kuma ba su san iyaka ba.

Sai maganar da ta fi wannan nauyi, na kuma rage murya don ita. In gidan na gado ne ba a raba ba, mai kuɗin cikin 'yan uwa ba shi da ikon tashi ya rushe don shi ne yake da halin ginawa. 'Yan uwa mata da suke gidajen aurensu suna da haƙƙi a cikin ƙasar nan. Yau za su yi shiru don kunyar Yaya, gobe 'ya'yansu ba za su yi ba, kuma a lokacin ginin ya riga ya cakuɗe da filin, alƙali ma sai ya yi gumi.

"Na yi magana da su," in ji Alhaji.

"Da dukkansu?"

"Da babbar."

Mai shayi ya ƙaro ruwa a buta. Birkila ya ce tun da aka bar Karaye da Rogo su kaɗai a masarauta ɗaya a 2024 ya ɗauka mutanen Karaye za su rage yi wa na Rogo wa'azi, ashe abin gaba ya yi. Sannan ya ba mu sirrin leburori: in aka zo kusurwar turakar tsoho, kowa sai ya rage sauri ya riƙa duba ƙasa. Ba a rasa tsintar wani abu a tsohon bango. Laya a ƙunshe cikin fata, 'yan wuri, ko ƙaramar tukunya da anini da kwabo masu huji na kafin a canza kuɗi zuwa naira a 1973. Zinariyar da kowa yake mafarki dai har yanzu ba wanda ya nuna mana ita.

Ni abin da nake tausaya wa Alhaji shi ne watan Afrilu. Bango mai kauri yana shan zafin rana a hankali, kafin ya ratsa ciki dare ya yi, shi ya sa zauren ƙasa yake da sanyi da azahar, da hunturu kuma ya riƙe ɗumi. Bulo mai rami da kwano ba silin, kafin hantsi ya gama ɗagawa ɗakin ya ɗauki zafi, sai a koma neman fanka, fankar tana jiran wuta, wutar kuwa kun san halinta a garuruwanmu. Kuma wane bulo? Tun da buhun siminti ya haura naira dubu 10 a farkon 2024, masu buga bulo da yawa suka koyi jan buhu ɗaya ya haifi abin da bai kamata ya haifa ba. Ka ɗauki wani ka murza da hannu ya zama yashi. A ture tubalin da ya ga kakanni a kafa wannan, ban ga ci gaba a nan ba. In za ka yi bulo, ka sayi simintinka, a buga a gabanka, a yi ta ba shi ruwa har ya kama, a haƙa tushe na gaske.

Kunyar ce dai nake so mu duba. A Yaama, can jihar Tawa a Nijar, wani magini manomi mai suna Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, a 1986 aka ba ginin lambar yabo ta Aga Khan, wadda manyan masu zanen gine-gine na duniya suke nema. A Dandaji kuma, da tsohon masallacinsu na ƙasa ya yi musu kaɗan, an gyara shi an mai da shi ɗakin karatu, aka gina sabo a gefensa da tubalin jar ƙasa da aka matse da inji, aka gama a 2018. Mariam Issoufou, 'yar Nijar, tana cikin waɗanda suka zana shi. Mutanen garuruwan nan Hausawa ne 'yan uwanmu, ƙasar irin tamu ce. Mu kuma muna ɓoye tamu a bayan fenti don kada surukai su gani.

Alhaji ya daɗe yana juya kofi a hannu. Can ya ce ɗakin girkin gidansa da katangar bayan gida dai dole su tafi, gindinsu ya cinye, ana ganin haske ta ƙasa. Baba ya ce wannan ba gardama. Ɗakin amarya kuma sabo zai gina da bulo a filin da ke kudu, ya sa silin. Zaure da ɗakin tsoho zai bar su tukuna, sai Baba ya zo ya ƙwanƙwasa ya ji.

"Ƙasar da za a sauke fa?" in ji Malam. "Kada ka biya tifa ta zubar. A jiƙa ta a sake kwaɓawa ta yi yaɓe, ko ta yi cikon ɗakin amarya. In ta yi saura ni ina so a gonata."

"Azarar kuma tawa ce," in ji Baba. "Ita ce ladan dubawa."

"Baba, azarar nan ta girme ni fa. Kun san nawa ake sayar da irinta yanzu?"

"Na sani sarai, shi ya sa na riga ka faɗa. Ka je wa ƙannenka mata gobe, jibi bayan asuba ina nan tafe da sandata."